AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ba Kowane Farin Tsuntsu Ne Zabiya Ba

Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da aka karanta a rediyo mun buga su a nan, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuma a karanta masa. A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, don kuwa duk a kan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko ta fito daga wani manomin shinkafa a ƙasar Haɗejiya. Ya ce a cikin garken jan-baki da ke sauka a gonarsa akwai guda ɗaya fari fat, amma bakinsa ja kamar na sauran. Wasu sun ce masa sarkinsu ne, in aka kashe shi garken zai watse. Wasu kuma sun ce alama ce ta ƙarancin ruwa a damina mai zuwa. Yana son ya ji gaskiyar magana.

Ta biyu daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi. An kawo masa farar kurciya a keji, an ce daga daji aka kamo ta, ba a samun irinta, kuma kuɗin da aka sa mata ya kai na tunkiya. Ya ce shin ya saya ko kada ya saya?

Ta uku kuwa daga wani makiyayi a wajen Gure, cikin jihar Damagaram. Ya ga farar ungulu a kan mushe, ya kuma ji ana cewa masu magani suna nemanta ido rufe. Tambayarsa ita ce, ungulu ma tana yin zabiya ne?

AMSA

To Malamai, mun gode da waɗannan tambayoyi naku. Kafin mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, bari mu fara da abin da ke sa wa tsuntsu launi tun asali, don in aka gane wannan, sauran bayanin ba zai yi wuya ba.

DAGA INA LAUNI YAKE FITOWA?

Yawancin launin da ake gani a jikin tsuntsu daga abu biyu yake fitowa. Na farko wani sinadari ne da jikin tsuntsun ke yi da kansa, masana suna ce masa melanin. Shi ne dai ke sa fatar ɗan Adam da gashin kansa su yi baƙi. A jikin tsuntsu shi ke ba da baƙi, da toka-toka, da ruwan ƙasa. Baƙin hankaka, da zanen zabuwa, da ruwan ƙasar fakara, duk aikinsa ne. Shi ke sa ido ya yi duhu, kuma yana ƙara wa gashi ƙarfi, ya hana shi saurin cinyewa.

Na biyu kuwa daga abinci tsuntsu ke samun sa, ana ce masa karotin. Shi ke ba da rawaya da ja mai haske. Duk mai kiwon kaji ya san aikinsa ko da bai san sunansa ba. Kazar da ke yawo tana cin ɗanyen ganye da jar masara, gwaiduwar ƙwanta ta fi rawaya a kan ta wadda aka tsare ana ba ta dusa zalla. Rawayar tsuntsun nan mai saƙa sheƙa tana reto a reshe, wanda wasu ke kira kabare, daga nan take. Haka ma jan da ke bakin jan-baki.

Abin lura a nan shi ne, kowanne da hanyarsa. Tsuntsu yana iya rasa melanin gaba ɗaya, amma rawayarsa da jansa su tsaya yadda suke.

IRE-IREN FARIN DA KAN SAMU TSUNTSU

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Hein van Grouw, wanda ya daɗe yana aiki da tarin tsuntsayen gidan adana halittu na garin Tring a Ingila, ya yi rubutu a 2006 da kuma 2013 yana nuna cewa yawancin tsuntsayen da mutane ke kira zabiya ba zabiya ba ne. Ga manyan ire-iren da ya kamata mu sani.

Na ɗaya, zabiya ta ainihi. Wannan jikinsa ba ya yin melanin ko kaɗan. Duk inda ya kamata ya yi baƙi ko ruwan ƙasa sai ya fito fari, ƙafafunsa su yi jaja-jaja, idonsa kuma ya yi ja, saboda jinin da ke cikin idon ne ake hangowa. Gado ne, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da irin a ɓoye. Su kansu iyayen lafiya lau za ka gan su da launinsu, amma a ƙiyasi ɗaya cikin kowane 'ya'ya 4 da suka ƙyanƙyashe kan fito zabiya. Haka abin yake ga 'yan Adam, watau halitta ce da gado, ba cuta ce mai yaɗuwa ba, ba kuma laifin kowa ba ne. To amma a daji da wuya ka ga babban tsuntsu zabiya. Dalili kuwa, idonsa ba ya gani sosai, hasken rana yana damunsa. Da ya bar sheƙa sai neman abinci ya gagare shi, ko shaho ya hango shi daga nesa ya sure. Kaɗan ne ƙwarai ke yin tsawon rai.

Na biyu, mai farin gashi da baƙin ido. Masana suna ce wa wannan lukizim. Shi ma gado ne, da shi ake ƙyanƙyasar tsuntsu, amma idonsa yana nan da launinsa, yana kuma gani garau. Wani jikinsa duka fari ne, wani kuma dabbare-dabbare, galibi a kai, da ciki, da ƙarshen fukafukai, kuma sau da yawa farin da ke fiffiken dama daidai yake da na hagu. Ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, yadda ya fara haka zai ƙare. Fararen zabin gida da masu farin ƙirji da muke kiwo sun ishe mu misali.

Na uku, furfura. I, tsuntsu ma yana yin furfura. An ƙyanƙyashe shi da launinsa daidai, sai bayan ya girma fararen gashi su fara ɓullowa nan da can, ba tsari. Duk lokacin da ya zubar da tsohon gashi ya yi sabo, sai farin ya ƙaru, har wani ya koma fari gaba ɗaya. Ba lalle sai ya tsufa tukuf ba. Binciken da aka yi a kan tsuntsayen garuruwan Turai ya nuna wannan shi ne ya fi kowane iri yawa. Saboda haka in ka ga gwara a bakin rumbu da 'yan fararen gashi a warwatse a baya ko a kai, bara kaɗan bana da yawa, to furfura ce.

Na huɗu, koɗaɗɗe. Wannan yana da melanin, sai dai bai cika ba. Inda ya kamata ya yi baƙi sai ya yi toka-toka ko ruwan ƙasa, kamar rigar da ta sha wanki. Zanen jikinsa yana nan, in ka matso za ka gan shi dishi-dishi. Masu ruwan ƙasan nan rana tana saurin cinye launinsu, har bayan 'yan watanni ka ɗauka farare ne, sai sun sake gashi duhun ya ɗan dawo. Galibinsu kuwa mata ne, saboda yadda gadon ke tafiya.

Bayan waɗannan akwai fari na ɗan lokaci. Rashin abinci mai kyau yana sa gashi ya fito da farin layi, an lura da haka ga hankakin Turai masu kiwo a juji, kuma in abinci ya gyaru sai sabon gashi ya fito baƙi. Wurin da tsuntsu ya ji rauni ma gashi kan tsiro fari. Sa'an nan kada a manta da ƙurar hunturu, da toka, da farar ƙasa da tsuntsaye ke birgima a ciki. Ƙarshen rani kuma tsohon gashi ya kan koɗe don zafin rana.

WAƊANDA FARI NE HALITTARSU

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga tsuntsun da dama can jinsinsa fari ne, a ce wani abin mamaki ne. Kama da wane ba ta wane.

Balbela kowa ya san ta, fara ce, tana bin shanu. Lokacin da za ta yi ƙwai sai gashi ruwan ƙasa mai haske ya fito mata a ka da ƙirji da baya. Wannan ado ne na lokaci, ba ciwo ba ne.

Akwai mujiyar nan mai farar fuska da farin ciki, wadda ke kwana a soraye da kogon itace. Haka duk 'yan uwanta suke. Abincinta ɓeraye ne, don haka mai rumbu ba shi da mai gadi kamarta.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin shaho, ƙirjinsa fari, bayansa toka-toka, kafaɗunsa baƙi, ya kan tsaya cak a sama yana karkaɗa fukafukai yana duban ƙasa. Idonsa ja wur ne, shi ya sa wasu ke ɗauka zabiya ne. To a duba da kyau, tsakiyar idonsa baƙi ne, kuma ga baƙi a kafaɗa, alhali zabiya ba ta da baƙi ko ɗigo. Shi ma ɓeran gona yake farauta. Hasbiya kuwa, jan da ke fuskarta fata ce da ta kewaye ido, ba idon ba ne.

A wuraren ruwa irin fadamun Haɗejiya da Nguru, da Dagona a jihar Yobe, da Tafkin Chadi, fararen tsuntsaye suna da yawa, wasu na gida, wasu baƙi ne da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a nan. Za a lura manya da dama cikinsu, kamar kwasakwasa, jiki fari ne amma ƙarshen fukafukai baƙi. Hikimar ita ce, wurin nan shi ya fi shan iska, melanin kuwa yana hana shi cinyewa. Saboda haka in ka ga farin tsuntsu da baƙin fiffike shirye tsaf dama da hagu, mai yiwuwa ne ƙwarai halittar jinsinsa ke nan.

YADDA ZA KA GANE SHI

In ka gamu da farin tsuntsun da ba ka saba gani ba, ka ajiye maganar launi tukuna, ka dubi waɗannan.

Da fari dubi girmansa da ƙirarsa. Ya kai kurciya, ko bai wuce gwara ba? Wuyansa da ƙafafunsa dogaye ne ko gajeru? Wutsiyarsa fa?

Sai baki. Gajere mai kauri na mai fasa ƙwayar hatsi ne. Siriri na mai cin ƙwari. Mai lanƙwasa kamar ƙugiya na mai cin nama. Dogo kamar mashi na mai kamun kifi da kwaɗi. Fari ba ya canja ƙirar baki.

Sai abokan tafiyarsa. Da wa yake kiwo, da wa yake tashi, ina yake kwana? Wanda ke sauka da jan-baki, ya tashi da su, girmansu ɗaya, to ɗan gidansu ne.

Sai kuka. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a nan maganar haka take ba ragi. Hankaka ko ya yi fari kamar alli, da ya buɗe baki ka san shi.

Bayan ka san jinsinsa, sa'an nan ka koma kan ido da launi. Ido ja har tsakiya, ba baƙi ko kaɗan a jiki, zabiya ce. Ido baƙi, gashi fari tas, lukizim ne ko furfura. Zane yana nan amma ya dushe, koɗaɗɗe ne. Ka yi dubanka da safe ko da la'asar, rana tana bayanka, don hasken tsakar rana yana sa komai ya yi fari-fari.

GA MANOMINMU NA HAƊEJIYA

Malam, bisa ga yadda ka kwatanta, tsuntsun nan jan-baki ne kamar sauran, melanin kawai ya rasa a gashinsa. Bakinsa ya tsaya ja ne domin wannan jan daga abinci yake. Tun da kuwa har ya girma yana bin garke yana kiwo, ya fi kama da mai baƙin ido, ba zabiya ta ainihi ba. Ka kuma sani cewa da damina mazan jan-baki kan yi ado a fuska, yawanci baƙi, amma wasu fari, kuma wannan duk cikin halittarsu ne. Matan kuwa a lokacin bakinsu kan koma rawaya.

Jan-baki ba su da sarki. In ka harbe farin nan, gobe da sassafe garken zai sauka kamar jiya, ka yi asarar albarushi a banza. Launinsa kuma ba ruwansa da damina, abu ne na cikin jikinsa. Abin da zai tsare maka shinkafa shi ne ku yi shuka lokaci guda da maƙwabta don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai, a tsananta kora da safe da yamma lokacin da suka fi ci, a yi girbi da zarar ta nuna, sa'an nan in kun gano inda suke kwana ko inda suka yi sheƙa, ku gaggauta sanar da malaman gona.

GA ALHAJI NA MARAƊI

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Akwai wata kurciya mai haske, mai baƙin zobe a bayan wuya, da ke zaune a ƙasashenmu na Sahel. Daga jinsinta aka samo kurciyar keji da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo a ƙasashe da dama, har aka fitar da farare tas daga cikinta, suna hayayyafa a gida kamar tantabaru. Yawancin fararen da ake kawowa kasuwa irinsu ne.

Ga yadda za ka gwada. Matso da hannunka kusa da kejin. Ta gida za ta zauna abinta, wata ma har ta ci a tafin hannu. Wadda aka kamo daga daji kuwa za ta yi ta dukan keji, za ka ga goshinta ya ɗaye, gashin wutsiya ya kakkarye. In ta gida ce kuma sha'awar kiwo kake yi, ka saya a kuɗin tsuntsun ado. In kuma da gaske zabiyar daji ce, ka sayi mai raunin ido ke nan. Farin gashi dai rashin sinadari ne, babu wani abin da aka ƙara wa naman ko jinin da zai sa ya fi na 'yan uwanta.

GA MAKIYAYINMU NA GURE

Malam, abin da ka gani da wuya ya zama zabiya. Akwai wata ungulu jinsinta daban, Turawa suna danganta ta da ƙasar Masar. Babbarta fara ce, gefen fukafukanta baƙi, fuskarta rawaya ba gashi, bakinta siriri, wutsiyarta mai tsini a tsakiya. 'Ya'yanta da duhu suke farawa, sai sun yi wajen shekara 5 kafin su yi fari. Wasu suna sheƙa a duwatsun Nijar, wasu kuma daga Turai suke zuwa cin rani. Ungulun da muka saba gani a kwata kuwa ruwan ƙasa ce mai duhu, fuskarta jaja-jaja.

Duka biyun suna cikin haɗari. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa farar cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007, ta kuma sa ungulun kwata a mataki mafi tsanani a 2015. A 2014 an harbe wata matashiyar farar ungulu a Nijar, wadda masana suka ɗaura wa na'urar bin sawu tun daga ƙasar Girka, aka kuma gano don a sayar wa masu magani aka kashe ta. Ungulun kwata ƙwai ɗaya tak take yi a zama guda, don haka in aka kashe ɗaya ba a saurin mayar da gurbinta. Kai makiyayi ka fi kowa sanin amfaninta. Inda babu ungulu, mushe ya kan daɗe yana ruɓa kusa da rijiya da makiyaya, karnuka da ƙudaje su taru a kai. Duk wanda ya tambaye ka inda take kwana, kada ka nuna masa.

GARGAƊI GA KOWA

Fari shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne. Farin tsuntsun da ke ci, yana tashi, yana gyara gashinsa, lafiyarsa ƙalau, kuma ba zai shafa wa kajinka komai ba. Wanda za a guje wa shi ne tsuntsun da ya takure, gashi a tashe, yana layi ko ya kasa tashi, ko kuma a tarar da matattu da yawa wuri guda, ko wane irin launi gare su. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna, cikin watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar, masu kaji da yawa suka tafka asara. Saboda haka kada a taɓa irin waɗannan da hannu, kada a bar yara su kawo su gida, a sanar da likitan dabbobi mafi kusa.

Wanda kuma ya ga farin tsuntsu yana son a tantance masa, ba sai ya ɗana tarko ba. Ya ɗauki hotonsa da waya, in da hali har da 'yan uwansa a gefe, ya riƙe ranar da wurin, ya nuna wa ma'aikatan gandun daji. A Laminga kusa da Jos ma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, irin wannan labari yana da amfani ga masu bincikenta.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, a yi mana haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a kuma riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Mu kwana lafiya.